Finafinan Kaboyi Marasa Magana: Abin da Ya Tsira da Wuraren da Ya Tsira

Lacca ga malamai da ɗalibai da masu kula da kayan tarihi a Tamale

Abin da masu zuwa silima a Kano da Kumasi da Yamai suka daɗe suna kira fim ɗin kaboyi, wato labarin makiyayan shanu da 'yan fashi da jami'an tsaro a yammacin Amurka cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ya girmi magana a fim da fiye da shekara ashirin. Tun daga 1903 ake shirya shi, alhali sai a 1927 murya ta fara shiga manyan finafinai, kuma sai wajen 1929 kamfanonin Amurka suka juya baya ga fim marar magana baki ɗaya. A tsakanin waɗannan shekaru aka yi dubban finafinan kaboyi, gajeru da dogaye, waɗanda babu abin da ke ɗauke da labarinsu sai hoto da motsin jiki da 'yan rubuce-rubucen da ake sakawa tsakanin fitowa da fitowa. Mafi yawansu sun salwanta. Abin da wannan lacca za ta tsaya a kansa shi ne cewa kaso mai yawa na ɗan abin da ya rage an same shi ne nesa da inda aka yi shi, a garuruwan da ke ƙarshen hanyar kasuwancin fim da kuma hannun mutanen da suka ajiye abin da masu shi suka yar, kuma wannan al'amari ya shafi gari irin Tamale kai tsaye.

Girman asarar ba ƙiyasi ba ne. A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoton masanin tarihin fim David Pierce, wanda ya ƙidaya dogayen finafinai marasa magana 10,919 da aka yi a Amurka tsakanin 1912 da 1929, ya gano cewa kashi 14 cikin ɗari ne kawai suka tsira a cikakkiyar siffarsu ta asali, kashi 11 sun tsira a kwafin ƙasashen waje ko a ƙaramin zare marar inganci, kashi 5 guntaye ne, kashi 70 kuwa babu su. Dalilan sun haɗa da gobara da ruɓewa da ganganci. A ranar 9 ga Yulin 1937 wuta ta cinye rumbun kamfanin Fox a Little Ferry ta jihar New Jersey, ta tafi da mafi yawan finafinan kamfanin na zamanin da babu magana, ciki har da na Tom Mix, jarumin kaboyin da ya fi kowa kawo kuɗi a shekarun 1920. A 1948 kamfanin Universal da kansa ya lalata mafi yawan abin da ya rage masa na wancan zamani. Ganganci ya fi gobara ɓarna, domin da zuwan magana kamfanoni sun ɗauki tsoffin finafinai kayan da kasuwarsu ta mutu, kuma tun da akwai azurfa a jikin zaren fim, sai narka shi ya fi ajiye shi riba. Fim ɗin kaboyi ma ya sha wannan wulaƙanci, saboda ana kallonsa a matsayin abin yara da talakawa, ana juya kwafinsa daga gari zuwa gari har sai ya tsufa ya yayyage.

Wajibi ne a fahimci abin da ake kira naitret, domin shi ne tushen matsalar. Har zuwa wajen 1951 zaren fim mai faɗin milimita 35, wanda gidajen silima ke amfani da shi, ana yin sa ne da wani sinadari ɗan uwan audugar albarushi, mai fitar da hoto garau amma mai kamawa da wuta nan take. Idan ya kama yana samar wa kansa iskar da wuta ke bukata, saboda haka ruwa ba ya kashe shi, kuma hayaƙinsa guba ne. Idan ya tsufa yana bin matakai sanannu: hoton ya dusashe ya yi ruwan ƙasa, zaren ya yi danƙo ya fara wari, ya yi kumfa ya dunƙule, a ƙarshe ya zama gari. Wanda ya fara ruɓewa yana iya kamawa da kansa idan ya daɗe cikin zafin da ya kai digiri 40. Mutanen Kano sun san abin da wuta ke yi a gidan kallo, domin a ranar 13 ga Mayun 1951 gobarar silimar El Duniya ta kashe mutum 331, kuma wannan masifa ta daɗe tana ƙarfafa masu ganin silima wurin halaka ne.

Tarihin irin wannan fim yakan fara da The Great Train Robbery na Edwin S. Porter, wanda kamfanin Edison ya fitar a 1903, fim na kimanin minti goma sha biyu da aka ɗauka a New Jersey, can gabashin Amurka. Yana da wata fitowa da ɗan fashi ke fuskantar 'yan kallo ya harba bindiga a kansu, kuma kamfanin ya bar wa masu silima zaɓin sa ta a farko ko a ƙarshe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a ciki, Gilbert Anderson, shi ne ya zama Broncho Billy, jarumin kaboyi na farko, ya yi ɗaruruwan gajerun finafinai a kamfanin Essanay. Bayansa William S. Hart ya zo da tsohon ɗan daba mai tuba, cikin ƙura da tufafi masu datti, kamar a Hell's Hinges na 1916, inda jarumin ya banka wa garin wuta bayan 'yan garin sun ƙona majami'a. Tom Mix ya bi wata hanya dabam, ta ado da wasa da doki. A 1923 The Covered Wagon na James Cruze ya mai da fim ɗin kaboyi babban labarin ƙaura da kafa ƙasa, a 1924 kuma John Ford ya yi The Iron Horse a kan shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Amurka.

Mai son ya ɗanɗani waɗannan finafinai yana bukatar sanin yadda aka nuna su a zamaninsu, domin abin da ake gani yau a intanet sau da yawa gurɓataccen kwafi ne. Da hannu ake juya kyamara a lokacin, ana ɗaukar hoto 16 zuwa 22 ko makamancin haka a daƙiƙa, amma na'urorin zamanin magana suna gudu a 24, shi ya sa mutane ke tafiya da sauri-sauri kamar abin dariya. Ba kuma baƙi da fari zalla suke ba, domin ana rina zaren: shuɗi na dare, ruwan zuma na rana ko hasken fitila, ja na gobara. Idan aka kwafe fim ba tare da rinin ba, fitowar dare sai ta koma tsakar rana, labarin ya rikice. Haka nan galibi ba a kallonsu cikin shiru, akwai mai piyano ko ƙungiyar makaɗa a gaban allo. Wanda ya ga kwafi mai kyau na Tumbleweeds, fim ɗin Hart na ƙarshe a 1925, zai gane abin da ake nufi. Dubban mahaya da kekunan doki sun jeru a kan layi guda suna jiran igwar tsakar rana, kyamara tana bin fuska bayan fuska, tana komawa kan agogo, tana dawowa kan ƙafafun dawakin da suka ƙagu. Da igwa ta tashi sai allon ya cika da ƙura, kekuna na kifewa, wani mutum na fafutuka a kan doguwar basukur, sannan aka ɗauki Hart daga ƙasa a kan tudu, dokinsa a miƙe kamar ba ya taka ƙasa. Ba a bukatar kalma ko ɗaya a nan, kuma mutumin Dagbon da ya saba ganin dawakin sarakuna a bikin Damba, ko Bakatsinen da ya san hawan sallah, zai fi yawancin masu sharhin Turai gane wane mahayi ne ya iya zama a sirdi.

Labarin Dawson shi ne ya fi kowane bayyana inda irin waɗannan finafinai ke tsira. Dawson gari ne a yankin Yukon na arewacin Kanada wanda haƙar zinariya ta kafa a ƙarshen shekarun 1890, kuma shi ne zangon ƙarshe na masu rarraba fim: kafin kwafi ya isa can ya shekara biyu ko uku yana yawo, kuma kuɗin mai da shi ya fi darajarsa, saboda haka kamfanoni suka ƙi biyan kuɗin dakonsa. Finafinai suka taru a ƙarƙashin ɗakin karatun garin. An zubar da wasu a kogin Yukon, an ƙona wasu, a 1929 kuma aka kwashi sauran aka cike wani tsohon wurin ninƙaya da su domin a daidaita filin wasan ƙanƙara. Ƙasar wurin ba ta narkewa ko da bazara, don haka sanyi ya tsare su har 1978, lokacin da motar haƙa ta tono su ana shirin gini. An ceto faifai 533, aka raba su tsakanin ma'ajiyar Kanada da ta Amurka, kuma da yawa daga cikinsu babu wani kwafinsu a duniya. Bill Morrison ya ba da wannan labari a fim ɗinsa Dawson City: Frozen Time na 2016. Nisa da rashin daraja, waɗanda su ne suka sa aka manta da finafinan, su ne kuma suka hana a mai da su inda za a narka su.

Haka abin ya maimaitu a wurare da yawa. Straight Shooting, dogon fim na farko da John Ford ya yi a 1917 tare da Harry Carey, a ma'ajiyar finafinai ta Prague aka same shi, haka ma Hell Bent na 1918. Bucking Broadway na 1917 kuwa a Faransa ya ɓulla a farkon wannan ƙarni. A 2010 aka sanar da mai da finafinan Amurka 75 daga ma'ajiyar New Zealand, wata ƙasar ta ƙarshen hanya, ciki har da The Sergeant na 1910, gajeren fim ɗin kaboyi da aka ɗauka a kwarin Yosemite. Irin waɗannan kwafi sukan zo da rubutun wani harshe, wani lokaci da sabon suna, wani lokaci ma daga kyamara ta biyu da ake kafawa gefen ta farko domin kasuwar waje, don haka aikin mai gyara ya haɗa da gano fim ɗin, da kwatanta kwafi da kwafi, da mai da rubutun harshen asali.

Akwai kuma gudummawar masu tarawa don sha'awa. A 1922 kamfanin Pathé ya fito da zare mai milimita 9.5, a 1923 Kodak ya fito da mai milimita 16, dukansu a kan asitet, wato sinadarin da ba ya kamawa da wuta kamar naitret, domin a riƙa kallo a gida da makaranta. Ɗakunan haya na Kodascope sun rage tsawon finafinai da yawa suka ba da su haya, daga baya kamfanin Blackhawk na jihar Iowa ya sayar wa masu sha'awa kwafi a kan milimita 8 da 16. Hoton bai kai na asali ba, kuma sau da yawa an datse labarin, amma da babu gara ba daɗi: finafinai da dama a wannan siffa kaɗai suka rage. Mutane irin su Henri Langlois, wanda ya kafa ma'ajiyar finafinai ta Faransa a 1936, da Kevin Brownlow na Ingila, wanda ya bi tsoffin jarumai da masu kyamara yana naɗar bakinsu, daga tarawa don sha'awa suka fara. Tun 1982 ake taruwa kowace shekara a Pordenone ta Italiya domin kallon abin da aka gano. Sai dai tarawa tana da cutarta, domin akwai mai tarawa da ke ɓoye kwafi ɗaya tilo don alfahari, ya ƙi bari a kwafa, har ya mutu magada su zubar. Wannan bai fi kamfanin da ya narka fim ba, illa dai ya jinkirta asarar.

A Afirka ta Yamma fim ya iso da wuri. An nuna shi a ɗakin taro na Glover a Legas a watan Agustan 1903, shekarar da Porter ya yi nasa, a shekarun 1920 kuma ɗan kasuwa Alfred Ocansey yana nuna finafinai marasa magana a Palladium ta Akra, inda 'yan wasan barkwancin ƙasar suka kwaikwayi Charlie Chaplin. Amma cikin ƙasa ya makara. Silimar Rex ta Kano sai a 1937 aka buɗe ta, lokacin da magana ta riga ta shigo, Tamale kuwa, wadda Turawa suka mai da hedikwatar Yankunan Arewa a 1907, layin dogo bai taɓa zuwa gare ta ba, ya tsaya a Kumasi tun 1903. Duk da haka ƙasashen arewa sun yi nasu zamanin na fim marar magana, kuma ya ci gaba bayan na Amurka ya ƙare. William Sellers, jami'in lafiya a Najeriya, ya fara amfani da fim wajen wayar da kai tun shekarun 1920, daga baya ya jagoranci Sashen Finafinai na Mulkin Mallaka da aka kafa a Landan a 1939, wanda ya yi aiki har 1955. Motocinsa su ne majigi, wato silimar tafi-da-gidanka da ake kafawa a filin kasuwa ko ƙofar fada bayan faɗuwar rana. Yawancin finafinan ba su da murya, da gangan, domin tafinta ya riƙe makirufo ya ba da labarin da Hausa ko Dagbanci ko wani harshen wurin. Wannan tafinta shi ne ya tsaya a matsayin rubutu da kiɗa gaba ɗaya, kuma abin da ya faɗa, da abin da ya ƙara, da abin da ya sassauta saboda sarki yana zaune, shi ne ainihin fim ɗin da jama'a suka gani. Hotunan da dama suna ajiye a Landan, muryar tafintan kuwa ba a naɗe ta ba.

Finafinan kaboyin da suka cika silimomin Afirka daga shekarun 1940 masu magana ne, amma an kalle su kusan yadda ake kallon marasa magana, tun da akasarin 'yan kallo ba su bin Turancin Amurka, kuma hukumomin tace fim sun sha yanke fitowa har labarin ya rasa kai. Abin da ya rage shi ne sukuwa da dambe da zare bindiga da yadda jarumi ke tafiya, wato ainihin kayan da Anderson da Hart da Mix suka ƙera tun kafin magana. A Kinshasa ta shekarun 1950 matasan unguwanni sun kira kansu Bills, daga sunan Buffalo Bill, suka ƙirƙiro salon magana da sutura, kamar yadda masanin tarihi Didier Gondola ya nuna a littafinsa na 2016. A Nijar kuwa Moustapha Alassane ya mai da martani da fim. A Le Retour d'un aventurier na 1966 wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da hulunan kaboyi da takalma da bindigogi ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen jarumai, suka saci dawakai, wasan ya rikiɗe ya zama tashin hankali a ƙauyensu. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin waɗanda suka fito. Alassane ya ƙaunaci irin wannan fim kuma ya ga haɗarinsa, kuma da wannan ido biyu ya kamata a kalle shi.

Dalili kuwa shi ne labarin da waɗannan finafinai ke ɗaukakawa labarin ƙwace ƙasa ne. Tseren da ke cikin Tumbleweeds ya faru da gaske a ranar 16 ga Satumban 1893, lokacin da aka buɗe wa kimanin mutum 100,000 wata ƙasa da a da ta al'ummar Cherokee ce, kowa ya kafa tuta inda ya riga isa. Layin dogon The Iron Horse ya bi ta kan wuraren farautar mutanen da fim ɗin ya nuna a matsayin cikas. Ɗan ƙasar da aka mallaka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, musamman idan ya ga Palaver, fim marar magana da Geoffrey Barkas ya ɗauka a tsaunukan Bauchi a 1926, inda jami'in mulki da mai haƙar kuza ke takara kan wata ma'aikaciyar jinya, mutanen ƙasar kuma suka zama maharan da za a murƙushe. Tsarin labarin na kaboyi ne sak. A nan ne tarawa ke da wani amfani da ya wuce sha'awa, domin abin da aka gano ya nuna cewa ba murya ɗaya ce ta yi magana a wancan zamani ba. The Daughter of Dawn na 1920, wanda duk 'yan wasansa, su kimanin 300, Comanche da Kiowa ne da suka zo da tantunansu da tufafinsu, ya ɓace shekaru da yawa kafin Ƙungiyar Tarihi ta Oklahoma ta same shi daga hannun wani mutum ta gyara. Bill Pickett, baƙar fata gwanin kayar da bijimi, ya fito a The Bull-Dogger na kamfanin Norman a farkon shekarun 1920, amma guntaye kawai suka rage. The Homesteader na Oscar Micheaux, na 1919, a kan baƙin manomi a Dakota, ya ɓace ɗungum. Masana tarihi sun tabbatar cewa kaso mai yawa na makiyayan Amurka na gaske baƙaƙe ne da 'yan Meziko, kuma finafinan da suka nuna haka su ne suka fi ƙarancin kwafi tun farko, su ne kuma suka fi saurin salwanta.

Asarar da ta sami Amurka ta riga ta sami wannan yanki. A 1989 gobara ta cinye ɗakin ajiyar hotuna da muryoyi na gidan rediyo da talabijin na Ghana a Akra. A 1996 aka sayar wa wani kamfanin Malesiya kashi 70 na Hukumar Finafinai ta Ghana, magajiyar sashen da ya yi The Boy Kumasenu a 1952, kuma finafinan da ke ajiye a wurin suka shiga halin rashin kulawa. Abin da ya tsira na zamanin Nkrumah ya tsira ne galibi saboda ainihin zarensa yana Landan. A ranar 1 ga Satumban 2009 ambaliya ta shiga ma'ajiyar finafinan Afirka ta Wagadugu. Akwai kuma labari mai daɗi: Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce har aka gano shi a 2016 cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinan Berlin a 2018. Kaset ɗin bidiyo ma yana kan hanyar salwanta, domin finafinan farko irin su Zinabu na Ghana a 1987 da Turmin Danya na Kano a 1990, da finafinan Dagbanci da aka yi a Tamale, a kan zaren maganaɗisu suke, wanda zafi da laima ke ci, kuma na'urorin kunna shi suna ƙarewa.

Tamale ba baƙuwa ba ce a harkar ajiya. Rubuce-rubucen Larabci da na ajami da malaman Salaga da Yendi da Kete-Krachi suka bari, irin na Alhaji Umaru wanda ya rasu a 1934, a hannun iyalai suka zauna har Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta fara ɗaukar hotonsu a shekarun 1960, tana mai da wa masu su na asali. Wannan tsari, na kwafa a rubuta bayani a mai da, shi ne ya dace da fim. A garin akwai reshen hukumar adana takardun gwamnati, akwai Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a 1992, akwai kuma cibiyoyin da mai fasaha Ibrahim Mahama ya buɗe, wato Cibiyar Fasaha ta Savannah a 2019 da Red Clay da Nkrumah Volini, inda ya tara tsoffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa a garin da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Har yau ana kwatance da sunayen tsoffin silimomi irin su Rivoli da Victory. Wuraren da ya kamata a duba su ne ɗakunan ajiyar ma'aikatar yaɗa labarai, da makarantun mishan, da ofisoshin gona da na lafiya, da gidajen magadan masu silima da na waɗanda suka juya na'ura, domin a irin waɗannan wurare ne ƙaramin zare na milimita 16 ya yi yawo, kuma ko takardar talla ko littafin lissafin ƙofa yana gaya wa mai bincike wane fim aka nuna, a wace rana, mutum nawa suka shiga.

Wanda ya sami gwangwanin fim yana da ƙa'idoji kaɗan da zai kiyaye, na farkonsu kada ya sa shi a na'ura, domin tsohon zare yana tsukewa kuma haƙoran na'ura suna yaga shi a kallo ɗaya. Ya duba faɗinsa: idan milimita 16 ne ko 8, kusan tabbas asitet ne, idan 35 ne kuma ya girmi 1951, a ɗauke shi naitret har sai an tabbatar, a nisanta shi daga wuta da ɗakin kwana. A gefen zaren kamfanoni sukan buga irin sinadarin da wasu ƙananan alamomi da ke nuna shekarar da aka yi shi. Warin tsami kamar na binega alama ce asitet ya fara ruɓewa, kuma cutar tana yaɗuwa, don haka a ware shi daga saura. Bushewar hunturu tana taimakon fim, amma zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano da laimar damina suna gaggauta mutuwarsa, saboda haka ɗaki mafi sanyi da inuwa ya fi akwatin ƙarfe a rana. A ɗauki hoton rubutun da ke kan gwangwani da na hotunan farko da waya, a rubuta inda aka same shi da wanda ya ajiye shi, domin ma'ajiyoyin da ke cikin ƙungiyar FIAF, wadda aka kafa a 1938, da irin wannan bayani suke gano fim. Gaggawa mafi girma tana kan mutane, wato tsoffin tafintocin majigi da direbobin motocinsa da masu juya na'ura, waɗanda shekarunsu suka yi nisa.

Kallon kansa ya yi sauƙi fiye da kowane lokaci. Duk fim ɗin da aka fitar a Amurka kafin 1929 ya fita daga haƙƙin mallaka a can, kuma ana samun kwafin da aka gyara na The Great Train Robbery da Hell's Hinges da The Iron Horse, ko da yake sabon kiɗan da aka ɗora wa wasu yana da masu shi. Tun da waɗannan finafinai ba su zo da murya ba, kowane gari yana da damar sa musu tasa, kamar yadda makaɗan Pordenone ke yi kowace shekara. Tamale tana da makaɗan lunga da masu goge waɗanda sana'arsu ita ce bin motsi da kiɗa da ba da tarihi, tana kuma da masu jin Hausa da Dagbanci da Turanci da za su iya riƙe makirufo irin na tafintan da. Abin da ake bukata shi ne farin bango, da na'urar haskawa da aka saita a kan gudun da ya dace, da malamin da zai yi wa jama'a bayanin ƙasar Cherokee kafin a fara.